Kaurar da Kika Bar Mini

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiya, da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa.

Inna, labarin irin dawarki na zo ba ki, kuma ba mai daɗi ba ne.

Ban manta yadda kike shiga gona kafin a yi girbi ba, kina zaɓen zangarniyar kaura mafi cika, ki rataye a saman murhu ta sha hayaƙi har damina. Kaurar nan tun daga kakarki take. Ita ake nema ranar kasuwar garinmu, masu tuwo har rige-rige suke yi.

Sai masara ta shigo da takin zamani, kowa ya koma can. Ke kaɗai kika ƙi. Kikan ce, "Masara 'yar gata ce, sai an ciyar da ita take ciyar da mutum." Mu kuwa muna yi miki dariya.

Da ciwo ya kawo ki wurina Unguwar Shanu a Kaduna, ko zanen kirki ba ki ɗauko ba, amma kin ƙunso zangarniyoyin nan. Kika leƙa madafata, kika ga risho, kika ɗaga kai kina neman baƙin hayaƙi a silin. Babu. Ni a lokacin alfahari nake yi da wannan farin silin.

Kin ce in rataye su inda ake hura wuta. Bayan rasuwarki na ga ai abin da ya fito daga hannunki ya fi ƙarfin ƙusa da toka. Na naɗe su a sabon ɗankwali, na sa a langar aurena, na rufe a kabad. Wai ni mai girmama uwa.

Bana taki ya yi wuya, masarar garinmu ta tsaya iya gwiwa. Sale, autanki, ya zo Kaduna takanas, ya ce ya zaga gida-gida babu mai sauran kaurar, sai wadda ke wurina. Da murnata na buɗe langar. Gari muka tarar, Inna, ƙwari suna yawo a ciki.

Mun zuba a faifai muna tsinta. 'Yan ƙwayoyin da suka yi kama da masu rai na shuka a bayan ɗaki, ina ba su ruwa safe da yamma. Ko ɗaya bai tsiro ba. Haka Sale ya koma gida hannu wofi.

Na yi kewarki, kuma ina jin kunyarki.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki. Allah ya sa a wani ƙauyen akwai tsohuwa mai taurin kai irinki, wadda nata irin ke rataye a hayaƙi.

'Yarki,
Hajara, wadda ta yi wa irinki gata har ya mutu.