Idan Sabar Ta Mutu a Tsakiya

Daren Talata, Gusau

Barci ya ƙi zuwa. Manhajar da ke gwada rumbun bayanan manoman Tsafe ta hana ni sakat. Kafin kowane gwaji sai ta sake tuntuɓar sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, kamar baƙo mai sallama bayan kowace loma. Yau na gyara, tuntuɓa ɗaya ta wadatar. Aikin yini ya ƙare kafin Azahar.

Ina cikin murna shugabarmu Hajiya Rabi ta ce, "Malam Bello, in sabar ta mutu ana tsakiyar gwaji fa?"

Na ce ba za ta mutu ba. Ni da na san halin wutar garin nan! In ta mutu a tsakiya, yanzu manhajar ba za ta gane ba.

Jibi da rumbun nan za a raba wa mutane taki. Bari in tashi in kunna kwamfuta.