Kiran Uwa a Cikin Randa

Wudil, Fabrairu 1956

Zuwa ga Yaya Ɗantani,

Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na reluwe a Zariya. Mu nan lafiya lau, sai dai Murja ta yi nauyi ƙwarai, haihuwa ta fara matsowa. Tana gaishe ka.

Bayan haka, albishirinka. Darasin farko na Latin ya iso daga Ingila. Tun bara nake gaya maka ba a ɗaukar mutum karatun lauya sai ya ci jarrabawar wannan harshe, kai kuma ka ce in yi ko ka zo ka murɗe mini kunne. To ga shi na fara. Yadda abin yake, malamin yana can, ni ina nan. Ya aiko darasi, in amsa tambayoyin in mayar masa, ya gyara da jan alƙalami, ya dawo mini da shi tare da na gaba. Masu harshen sun mutu tuntuni, amma nahawunsu na nan da ransa, ƙarshen kalma yana juyawa kamar na Larabci.

Ga abin dariya. Harafin nan v da Turawa ke cije leɓe su faɗa, takardar ta ce a Latin w ake faɗarsa. Kalmar da aka ba ni in juya kuwa ita ce uva, wato inabi, abin da ban taɓa gani ba, a Alƙur'ani kawai na san shi. Sai ka ji ni ina uwa, uwa, uwam, uwai, uwai, uwa.

Takardar ta ce lallai a riƙa karantawa da ƙarfi kowace safiya. Murja kuwa ba ta samun barci sai bayan asuba, har ta ce in na sake tashinta da uwai-uwai ɗin nan za ta tafi gidansu. Sai na yi dabara. Akwai sabuwar randa da ba a zuba wa ruwa ba a bayan ɗaki, jikin darnin da ya raba mu da Haladu mahauci. In na dawo masallaci sai in cusa kaina ciki in yi ta karatuna kafin in tafi koyar da yara. Muryata a ciki kamar ta babban alƙali.

Haza wasalam. Ƙaninka,
Gwadabe

Zariya, Fabrairu 1956

Gwadabe,

Gaisuwa. Muna lafiya. Na karanta wasiƙarka a wurin aiki, na yi dariya har sai da wani ya tambaye ni ko an yi mini ƙarin girma.

Inabi ni na ci shi a Indiya ina soja, kan hanyarmu ta zuwa yaƙin Bama, tsami ne da shi, ɗinya ta fi shi daɗi. Amma in shi ne zai sa ka zama lauya, ka kira shi har randar ta fashe. Ina so kafin in mutu in ga ɗan gidanmu ya tsaya gaban Bature ya mayar masa da magana, ba ƙamewa da sara masa ba kamar yadda na yi shekara da shekaru.

Wannan Haladun, ba shi ne ya fasa wa wani Bafillace kai a kara ba, kan cinikin sa? Yana nan da halinsa? In ya ɗaga maka murya ka gaya mini. Inna tana kan gadon mutuwa ta sa hannunka cikin nawa, ban manta ba. Ɗan Achikan nan da ya tura ka kogi muna yara har yau da giɓi yake dariya.

Ka gai da Murja, Allah ya raba lafiya.

Yayanka,
Ɗantani

Wudil, Maris 1956

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ni ce Murja, da hannuna nake rubutu, Malam ne ya koya mini. Ka gafarce ni, na san bai kamata in rubuto maka kai tsaye ba. Malam ya ce in rubuta maka ya faɗo daga keke. Wallahi ba zan rubuta ƙarya ba, raina ya ɓaci da yawa.

Matar Haladu sunanta Uwa, 'yar Kausani ce, ƙawata ce tun da aka kawo ta. Ta yi mini alkawari in naƙuda ta tashi in ƙwala mata kira ta darni, ko wane lokaci ne za ta zo. Ranar Lahadi da sassafe ta ji ana kiran sunanta daga gidanmu, da wata murya kamar ta mai nishi. Ta ɗauka ni ce. Ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba, ta kutso ta ɓular darni. Ta iske Malam durƙushe, kansa a randa, ta tsaya a kansa tana mamaki.

Ashe Haladu ya daɗe yana jin kiran nan. Abokan sana'arsa sun gaya masa kiranye ne, irin wanda ake kiran sunan mace a cikin tukunya har hankalinta ya bar gidan mijinta ta biyo mai kiran. Yana laɓe yana jira ya gani da idonsa. Da ya ga ta fita, ya tsallako da taɓarya.

Yaya, kan Malam yana cikin randar Haladu ya sauke wa randar taɓarya. Ƙarar ce ta tashe ni. Na fito na ga Malam kwance cikin ɓaraguzan randar, jini ya rufe masa fuska, kunnensa na hagu ya tsage yana reto. Bai ma san wa ya doke shi ba, yana lalube yana salati. Haladu ya ja shi zuwa turmi, ya ɗora hannunsa na dama a bakin turmin, ya take masa wuya da ƙafa, ya ce wannan ne hannun da ke rubuta wa matan mutane laya. Ya yi ta duka, ina jin ƙashi yana ƙas-ƙas kamar ana karya kara. Na riƙe masa riga, ya hankaɗe ni na faɗi zaune, Allah ne ya tsare cikin.

Uwa tana kuka tana rantsuwa cewa ni ta zo dubawa. Ya kama kitsonta ya ja ta a ƙasa har waje, ya yi mata duka a gaban maƙwabta, babu wanda ya matso saboda wuƙar da ke ƙugunsa. A nan ya sake ta saki ɗaya. Da rana aka ɗora ta a jaki zuwa Kausani, idonta ɗaya a rufe.

Mai ɗori ya zo daga Utai, ya ce yatsu uku sun niƙe, sai abin da Allah ya yi. Malam ba ya cewa komai sai kada a gaya wa Yaya. Ni kuwa na gaya maka, don ba mu da kowa sai kai.

Ƙanwarka,
Murja

Wudil, Maris 1956

Zuwa ga Yaya Ɗantani,

Gaisuwa da biyayya. Wannan rubutun kaza na hagu ne, ka yi haƙuri da shi. Na ji abin da Murja ta yi, na yi mata faɗa, amma wasiƙar ta riga ta tafi.

An zauna a zauren mai unguwa. Na je da takardar darasina, ina ganin da an duba magana ta ƙare. Aka kira Malam Halliru, malamin kasuwa, don shi ne mai ɗan Turanci da kowa ya yarda da shi. Ya duba kalmar ya karanta ta yadda duk mutumin ƙasar nan ke karanta v, ya ce uba aka rubuta. Zaure ya ɗauki hayaniya. Mai unguwa ya dube ni ya ce, “Takarda ta ce uba, kai kana kiran Uwa. Ina ka samo ta?”

Na ce a Latin haka ake faɗa. Ya ce in kawo mutum ɗaya mai jin harshen ya shaida. Na ce masu shi sun mutu. Yaya, da na san yadda wannan amsa za ta faɗa a kunnensu da na haɗiye ta. Wani tsoho ya yi a'uziyya ya ce ai dama, harshen matattu.

Ba a tsaya nan ba. Aka tambaye ni me ya sa nake faɗin sunan sau biyu a jere. Ni da son gaskiyata na ce na farkon na mai aiki ne, na biyun na kira ne, kamar ka ce ya ke inabi. Kalmar kira kawai suka ji. Sai Halliru ya gangara ƙasan takardar ya ga jimlar uvam amo, ya ga fassarar amo da Turanci a gefe, ya ce wa jama'a ma'anarta ina so. Haladu ya yi kukan kura ya yo kaina, mutum huɗu suka riƙe shi, duk da haka ƙafarsa ta same ni a haƙarƙari. Aka tashi a kan cewa ni na jawo wa kaina. Yanzu in na fita jifa ake yi, iyaye da yawa sun janye 'ya'yansu daga ajina.

Ban ga laifin Halliru ba, abin da ya sani ya faɗa. Na rubuta wa malamina na Ingila, na roƙe shi ya aiko da shaida cewa uwa ake faɗa kuma inabi ake nufi. In ta zo zan kai ta gaba a karanta, a wanke ni, a wanke baiwar Allah nan da aka saka don ta zo taimakon matata.

Abin da nake roƙonka ke nan, don girman Allah da darajar Inna, kada ka zo. Na san ka. Hannu na rasa, kada in rasa ɗan'uwa. Ka jira amsar.

Haza wasalam. Ƙaninka,
Gwadabe

Zariya, Maris 1956

Gwadabe,

Gaisuwa. Na ga rubutunka na hagu, na kasa cin abinci. Hannun da Inna ta sa cikin nawa ke nan aka ɗora a turmi.

Amsar Baturenka jirgin ruwa za ta biyo. Ni mota zan biyo. Na karɓi hutu.

Ɗantani

Gidan yari, Kano, Afrilu 1956

Gwadabe,

Gaisuwa. Ina lafiya, ana ba mu tuwo, na ci wanda ya fi shi muni a Bama. An ce ka zo ba a bar ka ka shiga ba. Wani gandiroba ɗan'uwanmu tsohon soja ne zai fitar mini da wannan.

Ban biyo ta gidanka ba don na san za ka riƙe ni. Daga tasha kasuwa na wuce, ranar Juma'a ce, ta cika maƙil. Na same shi a rumfa yana sarar ƙashi. Wallahi ban zo da makami ba, hannunsa kawai nake so, a yi ɗaya da ɗaya. Na gaya masa ko ni wane ne. Ya yi dariya ya ce, “Yayan mai randa? Kai kuma uba ka zo kira?”

Na kife teburin naman a kansa. Muka kama juna muka faɗa cikin jini da tumbi, mutane suka watse. Yana da ƙarfi, ban raina shi ba. Na murɗe masa hannun daman ta baya har na ji ya ɓalle daga kafaɗa, na ce to mun yi daidai, na sake shi na miƙe. Na juya ke nan ya rarumo wuƙa da hagu ya tsaga mini cinya. Abin da ya biyo baya jikina ne ya yi shi, abin da aka koya mana ne a daji. Kafin in dawo hayyacina wuƙar tana wuyansa, yana shure-shure, ƙudaje sun fara sauka. Na zauna a wurin har 'yan doka suka zo. Wata tsohuwa ta ratso mutane ta faɗi a kansa, aka ce mahaifiyarsa ce. Ita nake gani in na rufe ido.

Ba na neman ka ce na yi daidai. Ka roƙe ni, ban ji ba. Ka aika wa iyalina su koma gidan surukaina. Ba a sa ranar shari'a ba tukuna.

Kada ka bar karatun nan. Ka koya wa hagun rubutu. Yanzu ne gidanmu ke bukatar lauya, sai dai ka yi sauri.

Yayanka,
Ɗantani

Wudil, Mayu 1956

Zuwa ga Yaya Ɗantani,

Gaisuwa da biyayya, Allah ya kawo sauƙi. Murja ta sauka lafiya, mace. Da naƙudar ta tashi babu wadda za a kira ta darni. Uwa tana Kausani tana takaba, don iddarta ba ta cika ba Haladu ya mutu.

Amsar Ingila ta iso jiya, tare da darasi na biyu. Malamin ya ba ni maki mai kyau. A ƙasa ya rubuta da jan alƙalami cewa gaskiya ne uva inabi ne, kuma gaskiya ne mutanen da uwa suke faɗa. Ya ce bai fahimci abin da ya tayar mini da hankali haka ba. In faɗin w yana ba ni wahala a ƙasarmu, in faɗe shi yadda duk ya yi mini daɗi, duk ɗaya ne, don jarrabawar a rubuce ake yi, babu wanda zai ji bakina.

Na karanta wa Murja. Ta ce in sake karantawa, na sake. Darasi na biyun yana nan cikin ambulan, ban ciro shi ba.

Haza wasalam. Ƙaninka,
Gwadabe