Ɗaurin Gugan Kaka Yari

Zuwa ga Yaya Iliyasu, Kwargaba.

Assalamu alaikum. Ina Inna da ciwon ƙahwarta? Ina Asta da yara? Halan an ɗebe albasa lahiya.

Ni lahiya lau nike. Sanyin Ingila dai sai haƙuri. Tarin da ka ji a waya ya yi sauƙi, kada ka hwaɗa ma Inna.

A makarantarmu ta zanen gini, malami ya ba mu wata kalma, wai "concameration", ya ce kowa ya kawo hoton misali. Ko 'yan ƙasar ba su san ta ba. Na sha wuya wajen ƙamus, ka san mi take nuhi? Ginin da anka lanƙwasa ruhinshi kamar baka. Ɗaurin guga ke nan, Yaya. Soron Kaka Yari, inda anka yanke mani cibiya. Na ƙetare teku biɗar sunan abin da na baro gida.

Ina shirin roƙonka hoto, sai ga saƙonka wai bayan salla za a rushe soron a aza kwano, don baƙi su bar yi muna kallon ƙauyawa. Waɗanne baƙi? Ga ni ɗakin zamani, ruwa na ɗiga bisa littattahaina. Soron Kaka yaɓe kawai shike so kahin damina.

Don Allah ku dakata. Turawa sun mance kalmarsu, amma ginin shina tsaye. Kada ɗiyanka su tambaye ni mi aka nuhi da ɗaurin guga, in kai su hilin Allah in nuna masu sama.

Allah shi bar zumunci.

Ƙanenka,
Sharfuddeen