Sallamar da aka amsa daga kicin

Kawu Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali? Ya ƙafar Inna, kumburin ya sauka?

An sayar da gidan da nake haya, saura kwana goma sha tara in tashi, kuma ban sami ɗaki ba. Jiya ƙarfe bakwai da kwata na je shagon shayin nan na Alexandria, inda ka ce direbobi 'yan ƙasarmu ba sa rasa labarin ɗaki. Kawu, shagon ya canza hannu. An kwashe bencinan, kowa na shan kofi gaban kwamfutarsa. Na yi sallama da ƙarfi, ba wanda ya ɗago. Na sayi burodi da ƙwai, na nemi wuri na zauna.

Can wata dattijuwa 'yar Maraɗi ta leƙo daga kicin. "Wa alaikumus salam, ɗana! Wata takwas rabona da jin sallama a nan. Mutanenka sun koma garin Manassas, tsadar haya ta kore su."

Ta rubuta mini sunan masallacinsu. Juma'a zan je, in yi sallama a can. A taya ni addu'a sallamar ta zo da ɗaki. A gaida Inna da yara.

Ɗanka,
Bashir