Filin Golf Ɗinku a Kan Burtali Yake

Zuwa ga Shugaban kulob ɗin wasan golf da ke gabas da ƙauyenmu, ta wajen Minjibir.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Ni ne Ilu, manomin da gonarsa ke jikin wayar shingenku ta kudu. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

An karanta mini allon tarihin da kuka kafa a bakin ƙofa. Wai fili ne marar mai shi, fartanya ba ta taɓa shigarsa ba, kuka zo kuka raya shi.

Na ɗaya: gaskiya ne ba a taɓa noma shi ba, amma ba lalaci ya hana iyayenmu ba. Burtali ne. Nan shanun Fulani ke bi su gangara rafi. A garin da ko wurin shanya barkono sai an yi rigima, da gangan aka bar shi. Mahaifina ya taɓa marina don na ja kunya ɗaya ta shiga ciki.

Na biyu: kun ja waya, amma ba ku gaya wa shanu ba. Su zo su tarar a rufe, su karkata cikin gonata. Bara suka cinye mini wake. Arɗo Buba, mai shanun, abokina tun yarinta, ya zo har zaure ya ba da haƙuri, muka raba goro. Bana ɗana Sale da adda yake zuwa gona, alhali babu abin sara. Ɗan Arɗo, wanda shi ke kiwon yanzu, na ga abin da ya rataya, kuma ba sanda ba ce.

Na sha zuwa in faɗa muku, maigadi ya ce sai mai katin kulob. Ta jikin wayar shingen nake hango ku, manya da ku kuna bin ƙwallo kamar ƙwan zabuwa, ana shayar da ciyawar da aka hana saniya.

Roƙona, ku buɗe gefen arewa, faɗin da garke zai wuce. Ku rubuta a allon nan cewa burtali ne.

Alhaji, gero ya fitar da kai. Ni da Arɗo mun tsufa, 'ya'yanmu sun daina saurarenmu. Idan kaka ta zo hanya na rufe, a jikin wayarku za a ɗauki gawa, ban dai san ɗan wa ba ne a cikinmu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka ji tun da sauran lokaci.

Wassalam.
Ilu, maƙwabcinku na kudu.