Lalle a Kan Tawada

Zuwa ga Yaya Luba, a Yako.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yata Hanan. Ya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya.

Yaya, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. A wayar Inna ba zan iya ba, shi ya sa na ba Ɗanliti direba wannan takarda.

Kafin damina an kawo sabon Insifeto ofishin 'yan sandan su Baba, sunansa Zayyad. Ba shi da iyali a nan, sai Baba ya ce a riƙa zuba masa tuwo a gidanmu. Ni nake kaiwa, kwano ɗaya suke ci da Baba. Da ya ji a aji shida na tsaya, ya ba ni biro da littafi, ya ce kada in bar hannuna ya mutu.

Watan jiya suka ƙwato shanu tara daga ɓarayi a dajin wajen Doguwa. Ashe a da in an ƙwato tara, biyar ake nuna wa mai su, sauran su bi mota. Insifeto ya ƙi. Ya kira Bafulatanin mai shanun, aka duba tsagar kunnen kowace saniya, ya miƙa masa duka.

Bayan kwana uku Baba da Kofur Ubale suka zaunar da ni a zaure, suka ce ba a san rubutuna a ofis ba. Kofur yana faɗa ina rubutawa, wai ƙorafin Saudatu ne matar mai shanun, wai sai da Insifeto ya karɓi shanu biyu kafin ya saki sauran. Da bironsa na rubuta, Yaya. Sannan Baba ya kama babban yatsana ya danna a tawada, ya danna a takardar. Bai dube ni ba. Ina shiga gida na tarar Inna ta riga ta kwaɓa lalle. Ta ƙunsa mini yatsan, ya rufe tawadar.

Tun ranar, in na kai tuwo a bakin ƙofa nake ajiyewa in gudu.

Ki gaida kowa. Ƙanwarki, Ramla.

*

Zuwa ga Yaya Luba.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya jikin Hanan da kika ce tana tari? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ga amsarki. Kin ce in rufe bakina, uba uba ne. Na sani, Yaya. Shi ya goya ni zuwa asibiti da kunama ta harbe ni, ban manta ba.

An dakatar da Insifeto, an ce in abin ya tabbata za a kore shi, har a ɗaure. Su Saudatu kuwa sun tashi da shanunsu, ba wanda ya san inda suka yi. Insifeto ya zo yi wa Baba sallama. Baba ya riƙe hannunsa yana yi masa addu'a, yana cewa Allah ya tona asirin wanda ya yi wannan. Ina bayan ƙofa, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da zai tafi ya tambaya ko Ramla tana rubutu. Baba ya ce sosai ma.

Ranar Alhamis masu bincike za su zo daga Kano. Baba ya ce a yi musu shinkafa, ni zan kai.

Na yage takarda ɗaya a littafin, na rubuta yadda aka yi, ban ƙara ba ban rage ba. Na shafa tawadar biro a yatsan na danna a ƙasa, su gwada da waccan. Zan miƙa wa babbansu tare da ruwan wanke hannu, don in magana ce bakina ba zai buɗe ba.

Ban san inda zan kwana bayan Alhamis ba. In akwai wuri a ɗakinki, ki gaya wa Ɗanliti. In babu ma ba zan ji haushi ba.

Ɗazu Inna ta ga yatsana, ta tashi za ta ɗauko lalle. Na ce ta bar shi.

Ki yafe mini. Ƙanwarki, Ramla.