Susar Gidanmu

Ƙofar Mata, Kano
Janairu 1956

Takarda daga ɗanka Ilu zuwa ga Baffa Nata'ala a Agege. Gaisuwa da ladabi da fatan an wuni lafiya.

Bayan haka, Baffa, ina cikin damuwa. Wasu tabbai jajaye masu farin ɓawo sun fito mini a gwiwar hannu da gadon baya. Abokan rini sun ce kuturta ce. Sarkin Karofi, shugabanmu na marina, ya ce in ajiye muciya, kada in ƙara sa hannu a rijiyar baban rini sai an ga yadda hali ya yi. Har ana zancen kai ni sansanin kutare. Rijiyar nan mahaifina ya bar mini, ban san wata sana'a ba. Wallahi tsoro nake ji.

Haza wassalam.
Ilu

*

Agege, Ikko

Ɗana Ilu, gaisuwa mai yawa, a gai da mutan gida.

Kai, amma ka ba ni dariya! Kuturta a ina? In tambaye ka, yana ƙaiƙayi? Yana tsananta da sanyi, ya lafa in rana ta buɗe? To barka da shigowa dangi. Kakanka Isyaku da shi ya rayu, ya mutu da yatsunsa cif. Ni ma ga shi nan a bayana, ƙyauren ɗakina har ya yi santsi don susa.

Ba ɗauka ake yi ba, a jini yake. Matata, babarka Zinariya, tun tana amarya take shafa mini man kaɗanya da hannunta, ko ɗigo bai fito mata ba. Amma 'yata Tani, da Gwaggo Indo ta ɗauka riƙo ranar yaye ta tafi da ita Katsina, ba ta tashi a gabana ba, sai ga shi a ƙeyarta. Cikin 'ya'yana wasu ya bi, wasu ya tsallake.

Kada ka je ko'ina. Ina tafe a jirgin ƙasa.

Baffanka

*

Koki, Kano

Zinariya, ina gaisuwa, na sauka lafiya.

Da kin ga mijinki jiya! Na kai Ilu asibiti, likita ya soka masa allura a tabon, yaro ya yi tsalle har hula ta faɗi. Likita ya ce tabon kuturta ba ya jin zafi haka. Amma marina suka ce su ba su gani ba. Sai na tsaya tsakiyar karofi, na tuɓe babbar riga, na tuɓe taguwa, na juya musu baya. Na ce, "Ku kalla da kyau! Da wannan bayan na tsufa, kuma rabinku goron hannuna kuka ci." Wani dattijo ya leƙo ya ce, "Wallahi bayan Isyaku sak!" Aka fashe da dariya. Sarkin Karofi dai ya ce zai yi shawara.

Na yi kewar hannunki, nan babu mai susa.

Nata'ala

*

Ƙofar Mata

Baffa, gaisuwa da godiya.

Na koma rijiyata, hannuna ya sake yin shuɗi. Yau da safe Sarkin Karofi ya zo da kansa ya miƙo mini hannu gaban kowa. Na riƙe gam, har sai da ya ce, "To Ilu, sake ni mana, baban rini na jiranka."

Haza wassalam.
Ilu